Dalilin da Ya Sa Muka Rage Kaurin Tsirkiyar Jita

Wasu daga cikinku sun lura muryar jita ta canja a lokacin Jibin Ubangiji da lokacin addu'ar shiru, har an tambaye mu ko zumuntar matasa ta sayi sabuwa. Jitocinmu uku ne, su ne dai waɗanda kuka sani. Tsirkiyoyinsu muka canja, wato abin da 'yan kiɗa suka fi kira waya. Mun koma kan masu ƙarancin kauri. Maganar kamar ƙarama ce, amma sai da ta cinye mana zama biyu, ta kuma kai mu ga wata tambaya da ta shafi dukan ikilisiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta muku yadda abin ya kasance.

Kiɗan yatsu da kiɗan fik

Hanya biyu aka fi bi wajen kaɗa jita irin tamu, wadda ba ta buƙatar wuta. Ta farko ita ce wadda kowa ya saba gani a lokacin yabo: mai kiɗa ya riƙe 'yar robar nan mai kusurwa uku da ake kira fik, ya share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, sama da ƙasa. Wannan kiɗa yana da ƙarfi, yana tafiya tare da ganga da tafi da rawa. Ta biyu kuwa da yatsu zalla ake yi. Babban yatsa yana lura da tsirkiyoyi uku masu kauri, yana ba da gindin waƙa. Manuni da na tsakiya da na zobe kowannensu yana da tasa tsirkiya a cikin sirara ukun, su ne suke fitar da muryar waƙar. Idan mai kiɗa ya ƙware, sai ka ji kamar mutum biyu ne suke kaɗawa, alhali hannu ɗaya ne.

Baba Fasto ne ya fara roƙonmu mu nemo kiɗa mai taushi domin lokacin da ake rarraba gurasa da ƙoƙo. Ya ce a wannan lokaci jama'a suna bincika zukatansu, bai kamata kiɗa ya fi tunaninsu ƙara ba. Akwai kuma ranakun da ake ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kibod ya yi shiru, sai jita kaɗai ta rage. Haka ma idan muka je gaida mara lafiya a gida, ko ta'aziyya. A irin waɗannan wurare kiɗan yatsu ya fi dacewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a cikin ikilisiya. Waƙar Kirsimati da duniya ta sani, wadda Jamusawa suke kira Stille Nacht, da jita aka fara rera ta a daren jajibirin Kirsimati na 1818, a wata majami'a a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya. Joseph Mohr ne ya rubuta kalmomin, Franz Gruber ya sa musu murya. A wancan zamani tsirkiyar jita ta hanjin dabba ce da siliki, mai laushi a hannu. A ƙasarmu ma kunnenmu ya saba da kiɗan tsirkiya mara hayaniya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe hankalin mutane shekara da shekaru.

Abin da muka gani a ajin Asabar

Da muka buɗe ajin koyon jita a yammacin Asabar, matasa sun zo da zafinsu. Amma duk wanda ya taɓa koyo ya san makonnin farko. Hannun hagu ne yake danna tsirkiya a jikin wuyan jita, tsirkiyar kuwa ƙarfe ce. Kan yatsa yakan yi ja, ya yi layi, wani lokaci ya yi ƙuruciyar bororo, kafin daga baya fata ta yi kanta. Sai aka zo kan kod ɗin F, inda manuni zai kwanta a kan tsirkiyoyi shida ya danne su duka. A nan ne mutane da yawa suke ajiye jita.

A cikin masu zuwa akwai wata ƙanwarmu da take koyon ɗinki. Yini take da allura da almakashi, da yamma ta zo ta danna ƙarfe da yatsun da za ta koma aiki da su washegari. Akwai wani yaro ɗan makarantar Lahadi wanda hannunsa bai gama girma ba. Akwai kuma wata mama daga zumuntar mata, wadda ta ce tun tana budurwa take sha'awar jita, yanzu ga ciwon gaɓoɓi ya fara taɓa yatsunta. Su ukun nan kunnensu yana da kyau, suna gane murya idan ta kauce. Duk da haka muka ga zuwansu ya fara raguwa. Ba wanda ya ce ya bari. Sai dai ka ji an ce aiki ya yi yawa, ko an aike ni.

A nan ne muka zauna muka duba abin da yake kan jitocin. Manyan biyun suna ɗauke da tsirkiya mai lamba 13, tsohuwar kuma da wasu gauraye da aka yi ta ƙarawa duk lokacin da ɗaya ta tsinke.

Ma'anar lambobin da ke kan fakiti

Idan kuka ɗauki fakitin tsirkiya za ku ga lambobi biyu, misali 12 da 53. Na farko kaurin tsirkiya mafi siranta ne, na biyu kaurin mafi kauri. Ana auna su da kashi ɗaya cikin 1000 na inci. Wato lamba 12 tana nufin kashi 12 cikin 1000 na inci, kimanin milimita 0.30. Lamba 11 kimanin milimita 0.28 ce. Da ido ba za ka raba su ba, amma yatsa yana rabawa.

Fakiti huɗu aka fi samu na jita mai tsirkiyar ƙarfe: 10 zuwa 47, 11 zuwa 52, 12 zuwa 53 ko 54, da 13 zuwa 56. Yawancin sababbin jitoci da lamba 12 suke fitowa daga masana'anta.

Dalilin bambancin mai sauƙi ne. Kowace tsirkiya dole ta kai wata murya da aka tsayar mata, E ko A ko D ko G ko B. Mai kauri ta fi nauyi, saboda haka sai an ja ta da ƙarfi sosai kafin ta kai wannan murya. Siririya kuwa da ɗan ja kaɗan ta isa. A kan tsirkiyoyin da ba a naɗa musu komai ba, ƙarfin jan yana bin kauri ne sau kansa. Idan ka sauka daga 12 zuwa 11, jan ya ragu da kimanin kashi 16 cikin 100. Idan ka sauka daga 12 zuwa 10, ya ragu da kimanin kashi 30.

Kamfanin D'Addario na Amurka yana buga ƙarfin jan tsirkiyoyinsa a jikin fakiti. Idan aka haɗa na shidan gaba ɗaya, fakitin 13 zuwa 56 yana jan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 84. Na 12 zuwa 53 kusan kilo 73 ne, wato kusan buhun siminti ɗaya da rabi. Na 11 zuwa 52 kusan kilo 67, na 10 zuwa 47 kuma kusan kilo 60. Ku yi tunani: wannan ɗan akwatin katako da muke rataye a kafaɗa yana ɗauke da fiye da buhun siminti dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Yatsan mai koyo kuma da wani sashe na wannan ja yake kokawa duk lokacin da ya danna.

Tsawon tsirkiya ma yana da nasa tasiri. Jitocin da tsawon tsirkiyarsu ya kai inci 25.4 ko 25.5 sun fi tauri a hannu a kan masu inci 24.75 ko 24.9, ko da fakiti ɗaya aka sa musu. Girman jiki kuma yana da magana. Babbar jitar nan mai faɗin ƙugu da ta cika majami'unmu, samfurinta daga kamfanin Martin ya fito, an fara ƙera irinta a 1916. Fuskarta mai faɗi ce, tana son tsirkiya mai ƙarfi da za ta girgiza ta. Jita mai ƙaramin jiki kuwa taɓawa kaɗan take jira ta amsa, shi ya sa masu kiɗan yatsu da yawa suke sonta.

Zaman da muka yi

Ba kowa ne ya yarda da canjin nan take ba. Yayanmu da ya fi kowa daɗewa a kiɗa ya ce shi da lamba 13 ya koya, a kan jitar da tsirkiyarta ta yi nisa da wuya har kana iya zura yatsa a tsakani. Ya ce ya sha wuya, amma wuyar ce ta gina masa hannu, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ya ƙara da cewa siririyar tsirkiya ba ta da amo, idan ƙungiyar mawaƙa ta ɗaga murya ba wanda zai ji jita a bayan majami'a.

Maganarsa ta biyu gaskiya ce, kuma mun karɓe ta. Tsirkiya mai kauri tana girgiza fuskar jita da ƙarfi, tana ba da amo mai cika da gindi mai nauyi. Siririya tana rage wannan. Tana kuma saurin karkarwa a kan ƙarafan wuya idan aka buge ta da ƙarfi, tana saurin tsinkewa a hannun mai fik, kuma idan mutum ya danna ta fiye da kima muryar takan ɗan haura inda ya kamata ta tsaya. Masu sassauta tsirkiyar gindi daga E zuwa D domin wasu waƙoƙi sukan tarar siririya ta yi laƙwas. Saboda waɗannan dalilai ƙwararru da yawa a kiɗan yatsu suna zama a kan lamba 12, ba sa sauka.

Maman nan ce ta amsa maganarsa ta farko. Ta ce, "Ɗana, ka sha wuya, Allah ya saka maka. Amma ka gaya mini, ku nawa kuka fara koyo a lokacin?" Ya ɗan yi shiru, ya ce suna da yawa. Ta ce, "Ku nawa ne kuke kaɗawa yau?" Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ni kaɗai ne." Ta ce, "To, sauran fa? Ko su ba Ubangiji ya ba su hannu ba?"

Daga nan maganar ta tashi daga kan ƙarfe ta koma kan mutane. Muka yarda a kan daidai ruwa daidai tsaki. Babbar jita, wadda take raka mawaƙa da fik, ta sauko daga 13 zuwa 12, domin ta riƙe amonta. Ta biyu, mai ɗan ƙaramin jiki, ta koma 11 zuwa 52, ita ce kuke ji a lokacin Jibin Ubangiji, muna kuma matso mata da makirfo idan akwai wuta. Tsohuwar da masu koyo suke ɗauka ta koma 10 zuwa 47. Ita dama fuskarta ta fara kumbura a bayan gadar da tsirkiyoyi suke kamawa, rage mata kaya taimako ne a gare ta ita ma. Yayan namu da kansa ya ɗaura su.

Canja tsirkiya kaɗai bai isa ba

Ga wanda yake so ya gwada a gida, akwai abubuwan da ya kamata ya sani.

A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe da take ja da baya domin ta daidaita jan tsirkiyoyi. Idan ka rage kaurin tsirkiya, sandar takan rinjaya, wuya ya miƙe fiye da dā, tsirkiya ta matso kusa da ƙarafa ta fara zuzu. Maganinsa a ɗan sassauta sandar da maɓuɗinta mai kusurwa shida, kwata ɗaya na zagaye a lokaci guda, a jira katako ya zauna kafin a ƙara. Idan ta yi tauri kada a tilasta mata, a kai wa mai gyara. Sandar da ta karye ta fi fakiti goma tsada.

A duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 a jikin wuya. Jitar da aka saita da kyau takan kasance kusa da milimita 2.4 a gefen mai kauri, milimita 1.6 zuwa 2 a gefen siririya. Sau da yawa abin da yake cin yatsun mai koyo wannan tazara ce ta yi yawa, musamman a jitoci masu araha. Idan ta kai milimita 4, ko wace tsirkiya ka sa za ka sha wuya sai an rage tsayin ɗan ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa a kan gada.

Yanayinmu ma yana wasa da katako. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A lokacin hunturu damshin iskarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe, fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta sauko, bakin ƙarafa ya fito yana yankan hannu, wani lokaci fuskar ta tsage. Da damina ta shigo katako ya sha ruwa ya kumbura, tsirkiya ta yi sama. Saboda haka saitin da ya yi daidai a watan Agusta yana iya yin zuzu a watan Janairu, kuma siririyar tsirkiya ta fi saurin nuna wannan. Mu dai a hunturu muna ajiye jita a cikin jakarta, tare da soso mai ɗan laima a cikin leda mai huji, ba ya taɓa katako. Ba ma barinta a rana, ko a cikin mota, ko a jingine da taga.

Wanda ba shi da kuɗin sabon fakiti yana iya gwaji kyauta. Ya sassauta dukan tsirkiyoyi shida da rabin mataki, wato E ta koma E mai sauka. Wannan yana rage ja da kimanin kashi 11 cikin 100. Cikakken mataki yana rage kimanin kashi 21. Sai ya ɗaura kafo a ƙarfe na farko ko na biyu domin ya dawo muryar da sauran 'yan kiɗa suke kai. Idan hannunsa ya ji daɗi, ya san inda zai nufa ranar da ya je kasuwa.

Akwai kuma irin ƙarfen. Wanda aka rubuta masa 80/20, wato kashi 80 jan ƙarfe da kashi 20 tutiya, yana da murya mai kaifi amma yana saurin dusashewa. Mai ɗan jan launi, wanda ake haɗawa da kuza da ɗan fosforas, D'Addario ya fara fito da shi a 1974, muryarsa ta fi ɗumi kuma ya fi jure gumi. Akwai wanda ake sa masa zaren siliki a ciki, shi ya fi duka laushi a hannu, sai dai amonsa ƙarami ne. Masu rufin roba siririya, irin su Elixir da suka shigo kasuwa a 1997, suna daɗewa amma da tsada. Kowanne ka saya, ka goge shi da tsumma bayan kiɗa, ka kuma yi hankali da jabu, gama suna nan a kasuwa cikin fakiti mai kyan gani.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: jitar da aka ƙera domin tsirkiyar nailan, mai faɗin wuya, jan da take ɗauka kusan kilo 40 ne kawai. Kada a ɗaura mata ta ƙarfe, ko da mafi siranta ce. Gadarta za ta ɓalle, wuyanta ya lanƙwashe.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya tuna mana

Da muke wannan magana, labarin Dawuda ya yi ta dawo mana. A 1 Sama'ila sura 16 mun ga yadda aka kawo shi fada domin ya yi wa sarki Saul kiɗa da hannunsa sa'ad da mugun ruhu yake damunsa, sarki kuma yakan sami sauƙi. Yaro ɗaya ne da kayan kiɗa ɗaya a cikin ɗaki, ba taro, ba ganga. A sura ta gaba, da zai fita ya fuskanci Goliyat, Saul ya sa masa kayan yaƙinsa, da kwalkwali da sulke da takobi. Kayan ba su da aibi, na sarki ne, kuma Saul da kyakkyawar niyya ya bayar. Dawuda ya gwada tafiya da su ya ga bai saba ba, ya tuɓe, ya ɗauki sandarsa da majajjawa da duwatsu biyar daga rafi. Da ya ji kunyar tuɓewa a gaban sojoji, da labarin ya ƙare dabam.

Mu ma muna da kayan Saul da muke miƙa wa juna cikin ƙauna. Wanda ya daɗe a cikin bangaskiya ya saba da tashi tsakar dare, da doguwar addu'a, da azumi na kwanaki, da halartar kowane taro a mako. Waɗannan abubuwa masu kyau ne, kamar yadda lamba 13 take da kyau a hannun da ya yi kanta. Amma idan sabon tuba ya shigo, ko yarinyar da ta fito daga gidan da ba a yarda da zuwanta ba, ko saurayin da yake aikin dare, aka ɗora musu dukan wannan a mako na farko, me zai faru? Ba za su ce sun bari ba. Za su ce aiki ya yi yawa, ko an aike su. Sai wata rana a duba benci a ga ba kowa.

Ikilisiya ta farko ta fuskanci wannan tambaya. A Ayyukan Manzanni sura 15, wasu sun nace sai al'ummai da suka ba da gaskiya sun ɗauki dukan ka'idodin Musa kafin a karɓe su. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima. Bitrus ya tashi ya kwatanta abin da karkiyar da ko kakanninsu ba su iya ɗauka ba, ya tuna musu cewa ta wurin alherin Ubangiji Yesu ne kowa yake samun ceto. Taron ya ƙare da wasiƙa mai ɗauke da abubuwa kaɗan da suka wajaba. Mu da muke karanta wannan da Hausa a yau, muna cikin waɗanda suka ci amfanin wannan shawara. Yesu da kansa, a Matiyu sura 23, ya tsauta wa malaman da suke ɗaure kaya masu nauyi su aza wa mutane, a sura 11 kuma ya kira masu gajiya su zo gare shi, ya yi musu alkawarin hutu da kaya mara nauyi.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan a matsayin izinin lalaci. Tsirkiya mafi siranta a cikin jitocinmu har yanzu tana ɗauke da rabonta na kilo 60 ɗin nan. Wadda aka kwance gaba ɗaya ba ta da murya ko kaɗan, igiya ce kawai. Yesu da ya yi maganar hutu, shi ne a Luka sura 9 ya ce mai binsa zai ɗauki gicciyensa kowace rana. Akwai nauyin da yake daga wurinsa, wanda idan babu shi rayuwarmu ba za ta fitar da komai ba: gaskiya a wurin aiki, tsarkin rai, gafarta wa wanda ya cuce ka, tsayawa a kan sunansa inda tsayawar take da tsada. Akwai kuma nauyin da mutane suke ƙarawa daga al'ada ko daga fahariyar abin da suka sha. Aikin mai bi da ya manyanta shi ne ya iya raba su biyun, ga kansa da kuma ga ƙannensa.

Wani abu kuma da siririyar tsirkiya ta koya wa masu kiɗanmu: ba ta ɓoye komai. Da fik da ganga, idan yatsa ɗaya ya kauce hayaniya ta rufe. A kiɗan yatsu kowace murya ita kaɗai take fita, kuma hannu mai nauyi yana ɓata ta. Dole mutum ya koyi dannawa daidai gwargwado, kusa da ƙarfe, ya saki sauran ƙarfin. Manzo Bulus a 1 Korintiyawa sura 14 ya yi misali da kayan kiɗa, ya nuna cewa idan muryoyinsu ba su fita a rarrabe ba, mai ji ba zai san abin da ake kaɗawa ba. Zabura 33 kuma tana kiran masu kiɗa su yi shi da gwaninta. Saboda haka aikin bai ragu ba. Sa'o'in da dā ake kashewa a kan jure zafi, yanzu ana kashe su a kan sauraro.

Inda muke yanzu

Ƙanwarmu mai ɗinki ta wuce kod ɗin F. Yaron yana iya riƙe gindin waƙa da babban yatsa ba tare da ya tsaya ba, sauran yatsun suna biye a hankali. Mama takan zo da wuri ta yi minti 15 kafin gaɓoɓinta su gaji, ta ce waƙa ɗaya take so ta iya kafin Kirsimati, domin ta kaɗa wa jikokinta. Wataƙila nan gaba wasunsu su hau lamba 11 ko 12 idan hannu ya yi ƙarfi, wataƙila kuma su zauna inda suke. Sannu ba ta hana zuwa. Ba wanda zai tambaye su lambar tsirkiyarsu ranar da suka zauna kusa da gadon mara lafiya suka yi masa waƙa.

Muna roƙon iyayenmu da shugabannin ƙungiyoyi, na mata da na maza da na mawaƙa da malaman makarantar Lahadi, kowa ya duba wurinsa a wannan mako. Wane ne ya fara zuwa da zafi, yanzu ya ja baya? Kafin a ce ba shi da himma, a je a gaishe shi, a tambaye shi inda yake masa ciwo. Idan kuma kai ne kake ɗauke da kayan da ba naka ba, kana jin kunyar faɗa, ka sami wani babba da ka amince da shi ku yi magana. Wanda yake da jita a gida da ya jingine saboda zafin yatsa, ya kawo ta ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma, za mu duba ta tare.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ka yi hannuwanmu, ka san ƙarfin kowannensu. Ka ba mu hikima mu gane kayan da ka ba mu mu ɗauka, ka ba mu ƙarfin ɗaukarsa da aminci. Ka tsare mu daga aza wa ƙannenmu abin da ba ka aza musu ba. Ka komo da waɗanda suka gaji suka ja baya. Ka karɓi kiɗanmu, mai ƙara da mara ƙara, domin ɗaukakar sunanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.